Ranar da Aka Auna Ƙodata a Gaban Gwaggo Jummai

"Ɗaga rigar mu gani, in ba ki da abin ɓoyewa."

A tsakar gidanmu Gwaggo Jummai ta faɗi wannan maganar, da hantsi, tana tsaye ko takalmi ba ta cire ba. Mata biyu na dangin Cha'ibu, ɗan wanta da zan aura, suna bayanta. A gabanta kuwa ga akwatunan kayan aurena, waɗanda su da kansu suka kawo makon jiya da guɗa, yau ta sa an fito da su daga ɗakin Inna an jibge bakin rijiya. Maƙwabta har sun jera kawuna bisa katanga kamar tantabaru.

Ni Yalwa, ɗiyar Alfari manomin shinkafa, ina tsaye da metir ɗin awo a wuyana, don daga shago aka kirawo ni, ko zaren da ke jikin zanena ban kakkaɓe ba. Inna Balki, mahaifiyata, ta kama hannuna tana raɗa min in shiga ɗaki in nuna mata kawai a huta, ai mace ce 'yar uwata, ba abin kunya ba ne. 

'Yan uwana masu karatu, bari in koma da ku baya kaɗan ku san inda wutar ta taso.

Shekara biyu na yi a Kotonu wurin ƙanwar Inna ina koyon ɗinki. Ban daɗe da dawowa Gaya ba sojoji suka karɓi mulki. Aka tare gadar Malanbil ta kan iyaka, Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, manyan motoci suka tsaya cak, kasuwa ta kwanta. Ni kuwa abin da na dawo da shi keken ƙafa ne guda, tsoho, wanda ba ruwansa da wuta. Sai gari ya rikice da neman tutar ƙasa. Kowa tuta yake so: 'yan kabu-kabu, 'yan lakwal masu zuwa makaranta, masu shaguna, har daga Yelu da Zabori ake aiko min. Masu keken lantarki suna zaune suna fifita suna jiran kuran, ni ina taka nawa. Ruwan lemo sama, fari tsakiya da ranarsa, tsanwa ƙasa, har cikin barci nake ganinsu. Na taka keken nan har ƙafafuna suka kumbura. Kafin damina ta zagayo na kama shago bakin tasha da keke uku, na sayi moto, wato babur, na yi wa Inna siminti a tsakar gida. Simintin nan ne Gwaggo Jummai take tsaye a kai.

Da gumina na yi, kuma ba na jin kunyar faɗi.

To sai zazzaɓi ya kama ni, da ciwon kwiɓi da zafin fitsari. Na je wata kilinik, Likita Aisata ta ce a yi min eko, na'urar nan da ake goga wa mutum a jiki a ga kayan cikinsa a allo. Ta daɗe tana yawo da abin a gefena na hagu, ta ce in juya, ta ce in ja numfashi in riƙe. Can ta ce, "Yalwa, ƙodarki guda ce." Ta ce kada in tsorata, haka aka haife ni, akwai mutane da yawa irina da suke tsufa ba su ma sani ba. Ciwon da ya kawo ni na mafitsara ne, ta rubuta min magani.

Sai dai labule ne kawai tsakaninmu da bencin masu jiran layi. Wata ta ji farkon maganar, ba ta tsaya jin ƙarshenta ba. Kafin magariba saƙon murya ya zaga wayoyin Gaya, bokal ɗin wata mace mai magana ta hanci: wai telar nan ta bakin tasha ta sayar da ƙodarta a Kotonu, shi ne asirin kekuna da moto.

Cha'ibu kuwa, wanda zan aura, yana tsallaken kogi. Direban babbar mota ne, motar ta maƙale a Malanbil tun ranar da aka rufe iyaka, yanzu da jirgin ruwa yake hayewa da kayan mutane. Maraya ne, Gwaggo Jummai ƙanwar babansa ce ta raine shi, abin da ta ce shi ne doka a gidansu. Ga abin da ya rubuto min, har yau ban goge ba:

"Yalwa na ji wani bokal. Ki faɗa min gaskiya. Ko mene ne zan iya ɗauka."

Ko mene ne. Ku da kuka taɓa son namiji, ku faɗa min, wannan lallashi ne ko tuhuma? Na karanta, na bar masa alamar shuɗi ya san na gani, ban amsa ba.

To mu dawo bakin rijiya. Na zare hannuna daga na Inna a hankali, na durƙusa na gaishe da Gwaggo yadda aka koya min, na tambaye ta ƙafa, don kowa ya san gwiwa na damunta. Sannan na miƙe.

"Gwaggo, jikina ba atamfar kasuwa ba ce da za a warware a duba ko ɓera ya ci."

Ɗaya daga cikin matan ta riƙe haɓa. Gwaggo ta ce to shi ke nan, a ɗauki akwatuna, su ba za su kai wa ɗansu rabin mace ba, wadda ta iya sayar da abin cikinta ai gobe sai ta sayar da miji.

Na ce ta dakata. Na ce ido fata kawai yake gani, na'ura kuwa har ciki take shiga. Gobe da safe mu haɗu a kilinik, a sake yi min eko a gabanta, ta tambayi likita duk abin da take so. Amma ina da sharaɗi guda: wadda duk za ta shiga ta ga cikina, ita ma sai ta kwanta an ga nata.

Aka kwashe da dariya bisa katanga. Gwaggo ta dubi katangar, ta dube ni. Mace ce mai ji da kanta, dillaliyar shaddar bazan da duk amaryar Gaya ta san ƙofar gidanta, ba za ta ja da baya a gaban jama'a ba.

"Ni da na haifi bakwai? Ƙodojina biyu ras, yarinya. Sai goben."

Ta ce a bar akwatunan nan inda suke, kada a mayar ɗaki, kada a fitar waje. Haka suka yini bakin rijiya kaji na hawa kansu.

Da suka fita Inna ta zauna bisa turmi tana hawaye. Wai na ja da dangin miji tun ban shiga ba, wai ko na yi nasara gobe Gwaggo ba za ta manta ba, wai mace da haƙuri take cin gida. Na ce Inna, in na ɗaga riga yau, gobe me za a ce in ɗaga? Baba ya dawo daga fadama da laka har gwiwa, aka faɗa masa komai. Ya wanke ƙafa, ya sha fura, sannan ya tambayi Inna ko na sha maganina. Ta ce na sha. Ya ce, "To bar ta." Iyakar abin da ya ce ke nan, amma ni ya ishe ni.

Wayata kuwa ba ta huta ba. Cha'ibu ya kira, ban ɗauka ba. Ya rubuto: "Gwaggo ta ce kin ce a je kilinik. Ba sai an yi haka ba." Na amsa masa da kalma biyu: "Sai an." Ya turo hoton zuciya. Na kife wayar.

Da safe na yi kwalliyar da ban yi ba ko ranar salla. Bazan shuɗi mai duhu, wanda na yi wa aiki da zaren azurfa a wuya da bakin hannu, riga da zane, ba doguwar riga ba, don in an zo goga na'ura kada a ce in tuɓe. Na kafa ɗaurin kallabi irin na matan Kotonu, mai tsini a gefe, na zizara kwalli, na fesa turare. Metir ɗina kuwa na naɗe na jefa a jaka, don ba na fita ba shi. Na ɗauko Inna bayan moto, muka bi ta gaban tasha da gangan. Duk wanda ya saurari bokal ya ga wadda aka yi shi a kanta.

Muka tarar ba kuran. Aka ce sai an samo man gurup, injin wutar kilinik ɗin. Muka zauna bisa benci, mu a wannan gefe, Gwaggo da matanta a wancan, ba mai ce wa wani fofo, wato sannu. Labari ya riga ya kai, mata sun taru a gindin itacen bedi kamar masu jiran rabon shinkafa.

Nan Cha'ibu ya shigo, ƙafar wando a jiƙe, takalmi duk lakar bakin kogi. Da jirgin farko ya haye. Ya gaishe da Gwaggo, ya gaishe da Inna, sannan ya tsuguna gefena ya yi ƙasa da murya.

"Ni fa ban ce na yarda da maganar ba."

"Ba ka ce ba ka yarda ba."

"Tambaya kawai na yi."

"Wanda ya san ni ba ya wannan tambayar. Kai da kake kawo min ƙyallen tuta cikin jirgi, wa ya fi ka sanin inda kuɗina suka fito?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce in ina so shi ma ya kwanta a auna shi. Na ce na'urar nan ƙoda take aunawa, shi kuma ba ƙodarsa ce ke da matsala ba. Inna ta tsunkule ni a cinya. Na ga ya yi murmushi irin na wanda aka mara ya san ya cancanta, kuma wallahi zuciyata ta ɗan motsa, amma ban bari ya gani ba.

Gurup ya tashi, fanka ta juya, aka kira sunana.

Likita Aisata doguwa ce mai gilashi, ba ta da yawan fara'a. Da ta ga Gwaggo ta biyo ni, ta tambaye ni ko ni na yarda, don abin da ke cikina nawa ne, ba na dangi ba. Na ce ni na gayyato ta. Ta sa aka rufe ƙofa ta katako, ba labule ba, ta ce abin da ya faru wancan karon ba zai sake ba.

Na kwanta, na ja riga sama kaɗan da hannuna. Likita ta haska fitila ta ce Gwaggo ta duba da kyau: gaba, kwiɓi, baya. Ta ce ba a fitar da ƙoda ta baki, dole a yanka, ko a huda, kuma fata ba ta mantuwa. Gwaggo ta sunkuya har ina jin numfashinta a jikina. Ba tabo, ba ɗinki. Ta ce ai an ce turawa suna da man da ke goge tabo.

Likita ba ta ja da ita ba. Ta zuba min ruwan nan mai yauƙi da sanyi, ta ɗora na'ura a hagu. Ta nuna a allo: ga saifa, ga hanji ya kwanta inda ƙoda za ta kwanta, ba gurbi, ba alamar an taɓa cire wani abu. Sannan ta dawo dama, ta ce in ja numfashi.

Sai ga ta.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar ƙwayar wake, amma ƙatuwa, gefenta baƙi, tsakiyarta da haske, tana ɗan hawa tana sauka da numfashina. Likita ta tsayar da hoton, ta sa ɗan gicciye a wannan baki, ta sa wani a wancan, layi ya miƙe tsakaninsu, lamba ta fito a ƙasa. Santimeta goma sha huɗu ba kaɗan.

Ta ce ta babban mutum yawanci daga goma ce zuwa sha biyu. Wanda aka cire wa ɗaya yana babba, wadda ta rage takan ƙaru, amma ba kasafai take kai nan ba. Tawa kuwa tun ina cikin Inna take aikin biyu, shi ya sa ta gina jiki haka. Ta ce in aka haɗa da fata marar tabo, ita dai ba ta da shakka: da guda aka haife ni, kuma lafiyayya ce.

Na miƙa hannu na zaro metir daga jaka, na ja shi zuwa sha huɗu, na ɗaga. Daga tsintsiyar hannuna har ya kusa kan yatsu. Na ce, "Gwaggo, ga ta. Ki riƙa ki ji."

Ba ta riƙa ba. Ta ce Allah mai iko, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa.

"Gwaggo, saura ke."

Ta tsaya. Ta ce ai magana ta ƙare. Na ce alkawari a gaban katanga aka yi shi, kuma katangar tana waje gindin bedi. Ta ja tsaki, ta hau gadon da ƙyar saboda gwiwa, tana cewa a yi maza tana da 'yan Kamba da ke jiranta da kaya.

Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin daɗi nake ji. Ina goge ruwan yauƙi daga jikina ina shirya maganar da zan faɗa in an ce nata sha ɗaya ne.

Likita ta ɗora na'ura. Ta sa gicciye, ta goge, ta sake sawa. Ta koma ɗaya gefen, ta yi haka nan. Ta cire gilashi ta goge. Sannan ta ce in ɗan ba su wuri.

Na miƙe zan fita, sai na ji an riƙe min zane. Gwaggo ce. Ba ta dube ni ba, ta dai ce, "Bar ta nan."

Likita ta tambaye ta ko tana da tansiyo, hawan jini. Ta ce tana da shi, amma maganin da take sha ya yanke tun da aka rufe iyaka, sai ta bari. Ko ƙafa na kumbura? Tana yi, da yamma. Me take sha don gwiwa? Ƙwayoyin nan ja da fari na masu talla a faranti, biyu da safe biyu da yamma, shekara da shekaru. Likita ta juyo mata da allo. Ƙodoji biyu, gaskiya ne, amma kowace takwas da ɗan abu, sun tsuke, sun yi fari. Ta ce sun gaji. Ta ce na'ura girma take nunawa, sai an gwada jini a Doso za a san ƙarfin da ya rage, kuma kada a jinkirta. Daga yau ba ƙwayar faranti, a rage gishiri da kanwa, a koma kan maganin tansiyo. Ta ce an yi sa'a da aka gani yanzu, da an bari sai jiki ya faɗa da kansa, da labari ya bambanta.

Gwaggo ta ɗaga ido ta kalli rufi. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba, "Wato biyun nawa ba su kai ɗayarta ba?"

Likita ta ce ba gasa ake yi ba.

Maganar da na shirya ban san inda ta shiga ba. Na ɗauki ƙyalle na goge mata ciki, na tallafe ta ta zauna, na ɗaura mata zane, don hannunta ya kasa kama bakinsa. Na sa mata takalmi. A lokacin na ga yadda ƙafar ta cika shi.

Muna fitowa mata suka taso daga gindin bedi. Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar Gwaggo ta tare mu tana tambaya me aka gani. Wata daga baya ta ɗaga murya da dariya, "Yalwa, na Hajiya Jummai fa, nawa ne?"

Na ji hannun Gwaggo ya matse nawa.

Na ce, "Ni aka zo aunawa. In kina son sanin na wani, gado na nan, shiga a fara da ke."

Daga duk abin da na yi a wannan rana, har da ɗaga metir, wannan ne nake tunawa in ji kaina ya taɓa rufi.

Gwaggo ta saki hannuna. Ta ce Cha'ibu ya ba ta wayarsa, ya danna mata wurin magana, ya tura duk inda wancan ya je. Ta gyara murya, ta koma Jummai dillaliya da kowa ya sani:

"Ni ce Jummai mai bazan. Da idona na ga cikin yarinyar nan. Allah ne ya yi ta da ƙoda guda, kuma gudar ta fi biyun wasu. Mai magana ta hanci, na gane muryarki, kuma kin san ina da labarinki. Gobe bayan la'asar maza za su je gidan Alfari sa rana."

A hanya ta faɗa wa Cha'ibu nata da bakinta, ba ni ba. Ya rubuto min da yamma cewa jibi zai kai ta Doso, ya kuma ce, "Na yi kuskure. Ba zan ƙara tambayarki irin wannan ba." Na bar shi ya ɗan jira, sannan na ce ya taho min da yadin tsanwa in zai dawo, nawa ya ƙare.

Washegari gidanmu ya cika da ƙamshin shinkafa da kifin kogi. Inna tana ta kai da kawo cikin sabuwar atamfa, ta manta ita ce mai kuka bisa turmi. Bayan la'asar kawunnan Cha'ibu suka zauna a zaure da Baba, aka shimfiɗa tabarmi, aka kwance ƙunshin goro. Ni ina bayan ƙofar zaure na laɓe, ina leƙe ta tsaga, kada ku ce ba ku taɓa yi ba. An yi addu'a, babban kawu ya fara lissafin watanni, yana cewa bayan an yanke shinkafa.

Sai aka yi sallama daga waje.

Wani mutum ne dogo, ramamme, da malafa a kai da ƙaramar jaka a kafaɗa. Ba wanda ya san shi. Hannuwansa na manomi ne, idonsa na wanda bai yi barci ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaya ko nan ne gidan Madam Yalwa tela.

Baba ya ce nan ne, lafiya?

Mutumin ya zaro waya mai fasasshen gilashi ya miƙa. Daga inda nake na hango: hotona ne, ina zaune bakin keke a shago, hoton da ban san an ɗauka ba. Ya ce wani mai baƙar mota ne a Malanbil ya tura masa, ya ce masa ni ce wakiliyarsu a wannan tsallaken, duk mai bukata ta hannuna yake bi.

Hannun babban kawu ya tsaya bisa goro.

Baba ya ce, "Bukatar me?"

Mutumin ya dafa kwiɓinsa, ya sunkuyar da kai.

"Na zo ta kai ni a auna tawa ƙodar ne, Alhaji. An ce sai an san girmanta kafin a yi ciniki."